Vipers da Kiɗan Sikiful: Ƙungiyar da Kasuwa Ta Kayar, Wasu Suka Ci Gadonta

A farkon shekarar 1957 waƙa guda ta shiga jerin waƙoƙi goma da suka fi kasuwa a Birtaniya daga baki biyu. Ƙungiyar Vipers Skiffle Group, wadda ta gyara waƙar "Don't You Rock Me Daddy-O" ta kuma sa ta a bakin matasan Landan, ta tsaya a mataki na 10, shi kuwa Lonnie Donegan, wanda ya ɗauki waƙar ya rera da nasa salon, ya kai mataki na 4. Bayan 'yan watanni abin ya maimaita kansa da waƙar "Cumberland Gap": faifan Vipers ya sake tsayawa a mataki na 10, na Donegan ya hau na ɗaya ya yi makonni 5 a can. Wanda ya dubi waɗannan alƙaluma kaɗai zai ce labarin Vipers labarin masu zuwa na biyu ne, kuma haka mafi yawan masu rubuta tarihin kiɗan Birtaniya suke wucewa ta kansu da layi ɗaya ko biyu. A ganina wannan awo bai yi musu adalci ba, domin abin da ya sa suka kasa riƙe kasuwa shi ne kuma abin da ya sa suka zama masu amfani ga waɗanda suka biyo baya.

Sai an fara fahimtar irin kiɗan kafin a fahimci ƙungiyar. Sikiful kiɗa ne da ake yi da jita marar lantarki, da kuma kayan da ake samu a cikin gida. Allon wanki mai tudu-tudu shi ne madadin ganga, ana karta shi da 'yan hulunan ƙarfen da teloli ke sa wa yatsa. Akwatin katako da ake shigo da ganyen shayi a ciki, idan aka kafa masa sandar tsintsiya aka ɗaura tsirkiya guda, shi ke ba da murya mai kauri ta ƙasa. Bahaushe da ya san kiɗan ƙwarya ba zai yi mamakin wannan ba, tunda ya san kayan aikin gida kan koma kayan kiɗa idan hannu ya iya. Waƙoƙin kuwa kusan dukkansu daga Amurka suka fito: waƙoƙin aiki na baƙaƙen fata, na fursunoni da ma'aikatan layin dogo, waƙoƙin coci, da na turawan karkara mazauna duwatsun Appalachia. Yawancinsu kamun yatsu uku a wuyan jita ya ishi mutum ya raka su daga farko har ƙarshe, kuma yaro mai naci zai iya koyon wannan a cikin 'yan makonni.

Hanyar da wannan kiɗa ya bi ya shiga Ingila ta ratsa ta cikin masoya tsohon kiɗan jaz na birnin New Orleans. Ken Colyer, mai busa ƙaho, ya yi aikin jirgin ruwa don kawai ya kai kansa wannan birni, ya yi wasa da tsofaffin makaɗansa, hukuma ta tsare shi kan takardun zama, aka maido shi gida a 1953. Ya shiga ƙungiyar da Chris Barber yake ciki, kuma a lokacin hutun rabin wasa, idan masu busa sun ajiye ƙahoninsu don leɓɓansu su huta, sai mutum uku ko huɗu su ɗauki jita da allon wanki su rera waƙoƙin Lead Belly, mawaƙin gargajiya baƙar fata na Amurka, da ire-irensa. Mai kaɗa banjo na ƙungiyar, Lonnie Donegan, shi ya fi fice a wannan ɗan tsakani. A watan Yulin 1954, bayan Colyer ya rabu da su, ƙungiyar Barber ta shiga situdiyon kamfanin Decca, kuma a cikin abin da aka naɗa har da "Rock Island Line", inda Donegan ya rera, Barber ya kaɗa babban bes (ƙaton kayan kiɗa mai tsirkiya da murya mai kauri), Beryl Bryden ta riƙe allon wanki. Da aka fitar da waƙar ita kaɗai a ƙarshen 1955 sai ta shiga goman farko a Birtaniya a farkon 1956, ta kuma yi haka a Amurka.

Me ya sa ta kama haka? Akwai dalilai da suka haɗu a lokaci guda. Rabon abinci da kati, wanda aka fara lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bai ƙare a Birtaniya ba sai a 1954. Yara na barin makaranta suna da shekara 15, su sami aiki nan da nan, su riƙe ɗan kuɗi a aljihu, alhali samari sun san cewa da sun kai 18 aikin soja na dole yana jiransu. Tun daga 1935 kuma akwai takaddama tsakanin ƙungiyoyin ƙwadagon makaɗa na Birtaniya da na Amurka, wadda ta hana manyan ƙungiyoyin Amurka yin wasa a Birtaniya sai a 1956, don haka kiɗan Amurka abu ne da ake ji a faifai, ba a cika ganin masu shi ba. Rediyon BBC yana cike da manyan ƙungiyoyin rawa masu karanta kiɗa daga takarda. Sai ga wani ɗan Glasgow da ya girma a gabashin Landan ya nuna cewa ba sai ka yi makarantar kiɗa ba, ba kuma sai ka zama Ba'amurke ba. Ana ƙiyasta cewa a ganiyar abin ƙungiyoyin sikiful a Birtaniya sun kai tsakanin 30,000 da 50,000.

A cikin wannan yanayi ne Vipers ta kafu a Landan a 1956. Mutum uku suka fara ta, dukkansu masu jita da waƙa: Wally Whyton, Johnny Martyn wanda ake kuma kira Johnny Booker, da Jean Van den Bosch. Daga baya Tony Tolhurst ya shigo da bes, John Pilgrim da allon wanki. Whyton, wanda aka haifa a 1929, ba yaro ba ne a lokacin. Ya doshi shekara 27, yana aikin zane a harkar tallace-tallace, kuma ya zo ga kiɗan ne ta ƙofar son waƙoƙin gargajiyar Amurka irin na Woody Guthrie da Pete Seeger da mawaƙan buluz. Wannan yana da muhimmanci, domin ya bambanta su da dubban yaran da suka ɗauki jita don kwaikwayon Donegan. Su sun saurari tushen, suna da tarin waƙoƙi, kuma suna ɗaukar abin da suke yi a matsayin raya waƙoƙin talakawa.

Gidansu shi ne unguwar Soho, inda shagunan kofi irin na Italiya suka fara yaɗuwa tun 1953. Shagon kofi ba ya sayar da giya, saboda haka matashi ɗan shekara 16 yana iya shiga ya zauna har dare da kuɗin kofi ɗaya. A lamba 59 a titin Old Compton akwai wani shago mai suna 2i's, wanda wasu 'yan kokawa biyu daga Ostareliya, Paul Lincoln da Ray Hunter, suka karɓa a 1956, kasuwa kuma ba ta tafiya. A lokacin bikin unguwar Soho na watan Yulin wannan shekara, 'yan Vipers suka shiga shagon suka yi wasa, jama'a ta cika wurin, Lincoln ya ce su riƙa zuwa kullum. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa ne matsattse, mai zafi, dandamalinsa 'yan katakai, amma cikin watanni ya zama wurin da duk wani yaro mai jita a Birtaniya yake mafarkin zuwa. A 2006 hukumar Westminster ta liƙa allo a jikin ginin da ke bayyana shi a matsayin mahaifar kiɗan rok na Birtaniya, kuma Vipers ce ƙungiyar da ta fara jawo mutane cikinsa.

A nan ne wani abu ya faru da ya nuna hanyoyi biyun da ke gaban matasan lokacin. Wani matashi ma'aikacin jirgin ruwa daga Bermondsey, Tommy Hicks, yakan hau dandamali ya rera tare da Vipers idan yana gari. George Martin, wanda ya zama shugaban sashen Parlophone na kamfanin EMI a 1955, ya sauka ɗakin ya saurare su, ya bar yaron ya ɗauki ƙungiyar. Decca ta ɗauki yaron, aka sauya masa suna zuwa Tommy Steele, kafin shekara ta ƙare ya zama tauraron rok-an-rol na farko da Birtaniya ta haifa. Martin da kansa ya sha faɗin cewa ya yi kuskuren kasuwa a wannan dare. Amma ta wata fuskar, aikinsa da Vipers ya ba shi gogewar da ba kowane furodusa na zamaninsa yake da ita ba, wato naɗar sautin samari masu jita da ba sa karanta kiɗa a takarda, waɗanda ƙarfinsu yana cikin haɗa murya da zafin wasa. Shekaru 6 bayan haka, a 1962, shi ne ya buɗe wa Beatles ƙofa bayan Decca ta ƙi su. Ba zan ce Vipers ce ta sa ya yi haka ba, amma ba na jin kunnen da ya saba da su zai ɗauki irin waɗannan samari a matsayin baƙon abu.

Yanzu ga batun gasarsu da Donegan, wanda shi ne wurin da ake yawan sauƙaƙa labari. Wanda ya saurari faifan biyu zai ji bambancin nan take. Na Vipers kiɗan taro ne: jita uku suna tafiya tare, jagora yana bayarwa sauran suna amsawa, allon wanki yana riƙe da taki, kuma babu muryar da ta danne saura. Na Donegan kuwa mutum ɗaya ne a gaba, mai muryar hanci da ke ƙara sauri da zafi har ƙarshen waƙa, a bayansa ƙwararrun makaɗa, ciki har da mai ganga sosai da kuma Denny Wright mai jitar lantarki wanda ya fito daga jaz. Wato a daidai lokacin da ake kiransa sarkin sikiful, Donegan ya riga ya ajiye kayan gida ya koma ga kayan ƙwararru. Ya gane cewa kasuwar faifai da manyan zaurukan wasa suna son fuska guda da za a buga a jikin takarda, suna kuma son sauti da zai cika zaure mai ɗaukar mutum dubu biyu. Kiɗan Vipers an yi shi ne don ɗakin da mai sauraro yake iya taɓa mai kiɗa, ya kuma shiga amshi. Idan aka ɗauke shi daga wannan ɗaki, rabin daɗinsa yana tsayawa a can.

Sai kuma maganar wane ne ya ɗauki kayan wa. Magoya bayan Vipers sun daɗe suna ƙorafin cewa Donegan ya yi musu shigar sauri, kuma ƙorafin yana da tushe. Sai dai ita kanta "Don't You Rock Me Daddy-O" gyararriyar tsohuwar waƙa ce ta kudancin Amurka mai suna "Sail Away Ladies", wadda Uncle Dave Macon ya naɗa tun 1927. Whyton da Bill Varley suka sake mata baiti aka yi mata rajista da sunayensu, kuma a tsarin haƙƙin mallaka kason marubuci yana bin sunan da ke kan rajista ko wane ne ya rera, don haka nasarar Donegan ba asara ce zalla ga Whyton ba. Wannan ita ce al'adar zamanin: waƙar da aka ce ta gargajiya ce, duk wanda ya riga kai ta ofishin rajista da ɗan gyara shi ke cin kuɗinta. Inda abin ya fi ciwo shi ne inda mai waƙar yana raye. "Freight Train", wadda ƙungiyar Chas McDevitt da mawaƙiya Nancy Whiskey suka kai mataki na 5 a 1957, Elizabeth Cotten ce ta tsara ta tun tana yarinya a jihar North Carolina, kuma a lokacin da waƙar ke tashe a Ingila da wasu sunaye a kanta, ita tana aikin gida a wurin iyalan Seeger. Sai da aka yi jayayya kafin a amince da haƙƙinta. "Rock Island Line" ma fursunoni baƙaƙen fata ne suka rera wa John Lomax, mai tattara waƙoƙin gargajiya, ita a gidan yari a jihar Arkansas a 1934, Lead Belly ya ɗauke ta ya yaɗa, ya kuma rasu a 1949 bai ga arzikin da ta tara ba. Ina ganin duk mai son sikiful da gaske dole ya riƙe abubuwa biyu tare: samarin nan sun ƙaunaci waƙoƙin kuma su suka sa turawan Ingila suka nemi masu su, amma kuɗin bai bi ƙaunar ya koma inda waƙoƙin suka fito ba.

Akwai wata waƙa ta Vipers da ta fi nuna inda tunaninsu ya dosa. A 1957 suka naɗi "Maggie May", tsohuwar waƙar ma'aikatan jirgin ruwa ta birnin Liverpool game da wata karuwa da ke yi wa matuƙa sata, BBC kuma ta hana sa ta saboda abin da take magana a kai. Muhimmancinta shi ne waƙar gida ce. A lokacin da kowa ke rera labarin jiragen ƙasa da duwatsun ƙasar da bai taɓa gani ba, su sun gwada cewa salon zai iya ɗaukar waƙar titin Ingila. A Liverpool ɗin, ƙungiyar sikiful ta wasu 'yan makaranta mai suna Quarrymen tana rera wannan waƙa, kuma a wasan da suka yi a harabar wata coci a Woolton ranar 6 ga Yulin 1957 ne jagoransu John Lennon ya haɗu da Paul McCartney. Guntun waƙar ya fito a faifan Beatles na 1970, abin da ke nuna cewa ba ta bar bakinsu ba.

Faɗuwar ta zo da sauri. A 1957 BBC ta buɗe shirin talabijin na matasa mai suna Six-Five Special da shirin rediyo mai suna Saturday Skiffle Club. A watan Oktoban 1958 aka cire sikiful daga sunan shirin rediyon ya koma Saturday Club. Sauƙin da ya yaɗa kiɗan shi ya gajarta kwanansa. Yaron da ya iya kamu uku a bana, baɗi yana son na huɗu da na biyar, yana son ganga ta gaske, yana son jitar lantarki irin ta Buddy Holly wanda ya zagaya Birtaniya a watan Maris na 1958. A wannan shekara gwamnati ta sassauta dokar sayen kaya a biya sannu a hankali, sai kayan lantarki suka zo kusa da aljihun ɗan ma'aikaci. Jama'ar sikiful suka rabu uku. Wasu suka bi rok-an-rol. Wasu suka bi Alexis Korner da Cyril Davies zuwa buluz zalla, hanyar da ta haifi Rolling Stones. Wasu kuma suka koma kulob-kulob na waƙoƙin gargajiya, inda Ewan MacColl yake nacewa cewa kowa ya rera waƙar ƙasarsa, daga nan ne irin su Martin Carthy suka fito.

Vipers ta yi ƙoƙarin bin ta farko. A 1958 suka yanke "Skiffle Group" daga sunansu, mutanen farko suka fara janyewa, Whyton ya shigo da yaran da ke yawo a 2i's: Jet Harris da bes na lantarki, Tony Meehan da ganga, har Hank Marvin ya ɗan taɓa zama da su. Sun naɗi waƙar rok ta Amurka a wannan shekara, ba ta yi kasuwa ba. Kuma a gaskiya babu yadda za a yi ta yi, domin mutumin da ya kusa shekara 30, wanda zuciyarsa ke wurin Guthrie, ba shi ne 'yan mata 'yan shekara 15 suke jira ba. Wanda suke jira shi ne Cliff Richard, wanda waƙarsa ta farko ta kai mataki na 2 a 1958, kuma ba da daɗewa ba Marvin da Harris da Meehan, tare da Bruce Welch, suka zama makaɗansa, ƙungiyar da ta koma Shadows ta kuma mamaye kasuwar Birtaniya har zuwan Beatles. Uku cikin huɗu na wannan ƙungiya sun ratsa ta hannun Whyton. Vipers ta watse a 1960, shekarar da Shadows suka hau mataki na ɗaya da faifansu na kansu, shekarar da kuma Donegan ya hau mataki na ɗaya da waƙar barkwanci game da mai kwashe shara, nesa ƙwarai da fursunonin Arkansas.

Tunanin bai mutu tare da su ba. Bayan guguwar kiɗan punk ta 1976 da 1977, wadda ita ma ta ginu a kan cewa kamu uku sun isa, wasu matasa suka koma ga kayan da ba na lantarki ba. Pogues, da suka kafu a Landan a 1982, sun yi haka da waƙoƙin Ayalan. A Birmingham, ƙungiyar Terry and Gerry ta dawo da babban bes da allon wanki a tsakiyar shekarun 1980, John Peel ya ba ta fili a shirinsa na BBC. Bambancinsu da na farko shi ne sun rubuta waƙoƙinsu da kansu game da Ingilar zamanin Margaret Thatcher, matakin da Vipers ta nufa da "Maggie May" amma lokaci bai ba ta damar kammalawa ba.

Shi kuwa Whyton ya sami rayuwa ta biyu da ta fi ta farko tsawo. Ya zama mai gabatar da shirye-shiryen yara a talabijin, yana rera waƙa da jita tare da 'yan tsana, har yaran Birtaniya na shekarun 1960 suka san fuskarsa ba tare da sanin ya taɓa yin gasa da Donegan ba. Ya ci gaba da naɗar waƙoƙin gargajiya da na yara, a ƙarshen shekarun 1960 ya rubuta waƙa kan kare muhalli tun kafin batun ya zama ruwan dare, sannan ya shafe shekaru masu yawa yana gabatar da kiɗan karkarar Amurka a tashar Radio 2 da kuma sashen BBC na duniya. A shekarun 1990 kamfanin Bear Family na Jamus ya tattara abin da Vipers ta naɗa wa Parlophone ya sake fitar da shi, kuma Whyton ya rasu a watan Janairun 1997 yana da shekara 67.